Lesin ɗin imunoloji na dubu 15: Malam ya ci kuɗinsa, sauran kuma sai haƙuri

Ni fa ba mai son biyan kuɗin lesin ba ne, tun muna sakandare nake ganin abin kamar hanyar tatsar iyaye ce kawai, amma imunoloji, wato ilimin garkuwar jiki, ta sa na ajiye girman kai a gefe. Tes ɗin farko 9 na ci cikin 30, kuma wallahi ba don ban yi karatu ba, na yi, dare na raba ina haddar IL kaza da CD kaza da STAT kaza kamar aku, ana ɗan karkata tambayar sai komai ya zube. Da na ji ƙamshin kari-oba ya fara tasowa sai na bi wani ɗan ajinmu zuwa lesin ɗin da ake yi a saman wani filaza can bayan get ɗin makaranta. Ba zan kama sunan wurin ba, waɗanda suka sani sun sani. Dubu 15 ne, sati huɗu, Asabar da Lahadi, daga bayan la'asar zuwa magariba. Taransifa na yi, ba risit ba komai, wani yaro ne ya rubuta sunana a wani littafi mai yagaggen bango ya ce shikenan ka shiga.

Ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, ƙasansa masu gyaran waya ne da mai fotokwafi, bencina na katako irin na islamiyya, farin allo da ya koma ruwan toka, da fanka guda ɗaya tal da ke juyawa kamar an yi mata dole. Mun kusa arba'in a ciki. Ranar farko ina zama na fara lissafin kwanon shinkafa nawa dubu 15 za ta saya min.

Sai Malam ya shigo. Ba laftof ba furojekta, maka uku ce a aljihun rigarsa, baƙa da ja da shuɗiya. Bai ce mana sannu ba ma, kawai ya tambaya, wai a unguwarku wa ke ciyar da maigadi? Aka yi shiru, wata daga baya ta ce Malam ai gida-gida ake karɓa duk wata. Ya ce to in aka daina bayarwa fa? Ta ce zai kama gabansa. Ya ce madalla, yau kin gama rabin kwas ɗin, saura ki san sunan abin da ake bayarwa da wanda ke bayarwa. Muka yi dariya, ni dai a raina na ce wannan ma wani salon cin kuɗi ne. Ashe da gaske yake.

Maigadin da yake nufi shi ne makirofej, ƙwayar halittar nan mai haɗiye datti da matattun ƙwayoyi da ƙwayoyin cuta. Wani Barashe Metchnikoff ne ya fara lura da aikin a 1882 a garin Messina na Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, gari na wayewa ya ga wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi, a 1908 aka ba shi kyautar Nobel. To irin wannan maigadin kusan kowace gaɓa tana da nata, kuma kowanne da sunansa. Na hanta ana ce masa Kupffer, sunan Bajamushen da ya bayyana shi a 1876. Na fata Langerhans, shi ma Bajamushe, a 1868 ya gano su yana ɗalibin likitanci a Berlin, ka ji fa, mutum yana ɗalibi ya gano ƙwayar da har yau ake kiranta da sunansa, mu kuma muna nan muna fama da 9 cikin 30. Na ƙwaƙwalwa maikurogiliya, ɗan Sifen Río Hortega ya bayyana su a 1919. Duk wannan na taɓa haddacewa. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne, daga ina suka zo kuma me ya zaunar da su.

Handawut ɗin da nake karantawa tun aji biyu cewa ya yi dukkansu daga monosait suke, wata farar ƙwayar jini, wato ɓargo ya haifi monosait, ya shiga jini, ya sauka a gaɓa ya zama makirofej, in ya mutu wani ya zo. Malam ya ce wannan maganar wani masani van Furth ce ta wajajen 1968, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma an wuce nan. A 2010 Florent Ginhoux da Miriam Merad a New York suka nuna a jikin ɓera cewa maikurogiliya tun ɗan tayi bai kai kwana 8 ba kakanninsu suka fito daga jakar kwanduwa, tun ma ba a yi ɓargo ba, suka shige ƙwaƙwalwa suka zauna, kuma su ke haifar kansu da kansu har ɓeran ya tsufa. Daga baya aka ga na hanta da na huhu da na fata su ma yawancinsu tun kafin haihuwa suka kama wuri. Sai ya raba allon biyu, gefe ɗaya ya rubuta ɗan gari, ɗaya gefen ɗan ci-rani. Monosait ɗan ci-rani ne, in an yi rauni ko kumburi ya zo ya yi aiki, yawanci in ƙura ta lafa ya ɓace. Waɗancan kuwa 'yan gari ne. Hanji ne dai ya fita daban, shi kullum cikin karɓar baƙi yake daga jini, wai kamar Sabon Gari.

A nan ne na gyara zama, don tambayar ta fito da kanta, tunda ba ɓargo ke kawo sababbi ba to me ke riƙe da su shekara da shekaru a wuri ɗaya? Ya ce saƙo ne, kuma iri biyu ne. Akwai kwanon abinci, akwai kuma aikin da aka ɗora maka.

Kwanon abincin shi ne wanda ke shiga ta risefta, wato ƙofar karɓar saƙo, mai suna CSF1R. Ya zana ta da jar maka kamar ƙyauren ƙofa biyu a jikin bangon ƙwayar, in saƙon CSF-1 ya zo daga maƙwabta sai ƙyauren biyu su haɗu, ta ciki su liƙa wa juna fosfet, daga nan hanya ta buɗe, PI3K da AKT su kai saƙon kar ka mutu, ERK ya kai saƙon ka rabu biyu ka hayayyafa. Da na haddace wannan jerin a baya ban san inda ya dosa ba, yanzu kuwa na gane cewa saƙo ne da dole a yi ta aikowa kullum, ba wai sau ɗaya a yi a gama ba.

Sai ya ba mu labarin ɓeran da ba shi da haƙori, wanda shi ne ya fi tsaya min a rai a duk sati huɗun. Akwai wani jinsin ɓera a ɗakin gwaji da ake kira op/op, ƙashinsa ya yi tauri ya cushe har ramin ɓargo ya matse, haƙoransa kuma sun kasa fitowa. A 1990 aka gano ba ya iya yin CSF-1 ne, saboda haka ba shi da isassun ostiyokilas, 'yan uwan makirofej masu gwaguyar ƙashi, su ne ke buɗe wa haƙori hanya ya huda muƙamuƙi ya fito. To amma abin mamaki, wannan ɓeran yana da Langerhans ɗinsa a fata, maikurogiliya ma ba su ƙare ba. In kuwa riseftar ce aka cire gaba ɗaya, duk biyun sai su ɓace. Malam ya ajiye maka ya ce ku faɗa min, an daina kawo kwano daga gidan da kuka sani amma maigadi bai rame ba, in an toshe ƙofar ɗakinsa kuma ya mutu, me ke nan? Wani ya ce akwai wani gidan da ke ba shi a ɓoye. Ya ce sunan gidan IL-34, sai 2008 aka gano shi, ƙwayoyin saman fata ne ke yinsa, da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma ta wannan ƙofar ɗaya yake shiga. Wallahi tunda nake karatun nan ban taɓa jin na hango amsa kafin a faɗa ba sai ranar.

Ya ƙara da gwajin da aka yi a Kalifoniya a 2014, aka zuba wa ɓeraye maganin da ke toshe CSF1R a cikin abinci, cikin sati uku kusan kashi 99 cikin 100 na maikurogiliyarsu suka tafi, da aka janye maganin kuma cikin kamar sati ɗaya ƙwaƙwalwar ta sake cika. 'Yan tsirarin da suka rage ne suka ga abinci ya yi yawa ba mai ci suka yi ta haihuwa, suna cika wurin kuma suka tsaya. Wannan shi ne abin da ya kira ɗakin maigadi, ɗakunan ƙidayayyu ne, abincin ma a ƙiyasce yake, muddin da mutum a ciki ɗan ci-rani ba ya samun wuri. Amma a hanta ko huhu, in annoba ta kashe 'yan gari ɗaki ya zama fayau, monosait zai iya shigowa ya zauna, a hankali ya koyi yaren unguwar har ka kasa bambance shi da na asali. Maganin nan mai toshe CSF1R kuma ba a ɓera kaɗai ya tsaya ba, shi ne pexidartinib da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019 don wani ƙari da ke fitowa a mahaɗar ƙashi.

Sati na biyu aka shiga ɗaya saƙon, na aikin da unguwa ke ɗora maka, kuma nan ne dubu 15 ɗina ta dawo min da riba. A huhu, ƙwayoyin da ke shimfiɗe a jikin 'yan jakunkunan iska su ke fitar da GM-CSF, ya bi ta JAK2 da STAT5 ya tayar da PPAR-gama, wanda ke koya wa makirofej ɗin cin maiƙo. Dalili kuwa, akwai wani ruwa mai santsi da maiƙo da huhu ke yi don kar jakunkunan su manne in ka fitar da numfashi, kullum ana yin sabo, dole a samu mai kwashe tsoho. Akwai cutar da jikin mutum ke ƙera antibodi, wato makamin garkuwar jiki, da ke kama GM-CSF ɗinsa, makirofej suna nan amma ba su san aikinsu ba, ruwan ya yi ta taruwa har numfashi ya gagara. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne a sa mutum barci a tiyata, a bar huhu ɗaya yana numfashi, ɗayan a yi ta ɗura masa ruwan gishiri ana zuƙewa, lita sama da 10, Malam ya ce na farko da ke fitowa fari ne kamar nono, a yi ta yi har ya washe. Wata ta tambaya ko waɗannan makirofej ɗin ne tibi ke fara shiga, ya ce su ne, ƙwayar tarin tana sauka su haɗiye ta, ita kuma ta mayar da cikinsu ɗakin kwananta.

Na saifa kuwa ya taɓa ni ta wani wajen daban saboda ƙanwata sikila ce. Jan ƙwayar jini kwana 120 take yi, kuma duk daƙiƙa ɗaya jiki na sallamar sama da miliyan 2, makirofej ɗin saifa da na hanta ne ke cinye su su ciro sinadarin ayon, wato ƙarfen jini, su mayar wa ɓargo. Abin da hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce miligiram 1 zuwa 2 a rana ba, amma wanda ake juyawa ta wannan hanyar ya kai 20 zuwa 25, ka ga ashe 'yan gwangwan ne ke riƙe da kasuwar. Kuma saƙon da ke mayar da shi ɗan gwangwan ɗin daga cikin kayan da yake ci yake fitowa, sinadarin him da ke ba jini launin ja shi ke sa a rushe wani mai gadin ƙofa BACH1, da ya kauce sai Spi-C ya tashi. Ɓeran da aka cire wa Spi-C ba shi da waɗannan makirofej ɗin, ayon sai ya taru a saifarsa. Bayan an tashi na bi Malam har bakin matakala na ce Malam, to mai sikila fa? Ya tsaya, bai nuna gaggawa ba, ya ce ƙwayoyin nata ba sa kai kwana 120, sati biyu zuwa uku ne, sannan masu lanƙwasar suna toshe 'yan hanyoyin saifar har ta yi ta mutuwa kaɗan-kaɗan tun ana yara, unguwar ce ke rushewa gaba ɗaya da masu gadinta, shi ya sa likitoci ke dagewa a kan rigakafin nimoniya da fenisilin, kuma zazzaɓi a wurinsu ba abin a jira gobe ba ne. Shekara nawa ina raka yarinyar nan asibiti, sai a matakalar filaza na fahimci dalilin ƙwayar da Umma ke tsare ta ta sha kullum.

Na hanta da na kogon ciki da sauri ya wuce su. A hanta bangon 'yan ƙananan hanyoyin jini ke taɓa makirofej ɗin da saƙon DLL4 ta hanyar Notch, a kogon ciki kuma sinadarin da jiki ke samarwa daga bitamin A ne ke kunna GATA6. A ƙwaƙwalwa TGF-beta ta hanyar SMAD. Abin da ya fi so mu riƙe shi ne saƙon nan ba shaidar haihuwa ba ce da za a ba ka sau ɗaya ka adana a akwati. A 2014 an ɗebi makirofej daga kogon cikin ɓera aka zuba a huhun wani, bayan kamar sati biyu da yawa daga cikin halayensu suka koma na 'yan huhu. Maikurogiliyar mutum kuma in aka ciro ta lokacin tiyata aka sa a faranti, cikin awanni take fara manta ko ita wace ce.

To jama'a, daga nan kuma sai ƙorafi, don ba zan ɓoye ba. Ba a taɓa farawa a kan lokaci ba ko sau ɗaya, an ce ƙarfe huɗu da rabi, sai biyar saura a fara, magariba kuma ba ta jiran kowa, kenan awa biyun da aka yi mana alkawari awa ɗaya da 'yan mintoci ne. In an ɗauke wuta ɗan janaretan nasu a bakin taga yake, hayaƙin a kanmu, ƙarar kuma ta sa na baya ba sa jin komai, ranar Lahadi ta biyu wata baiwar Allah mai asma sai fita ta yi ta tsaya a baranda tana leƙo allo. Handawut da aka ce yana cikin kuɗin, da muka je karɓa aka ce a kawo 1,500 na fotokwafi, kuma abin da aka ba mu fotokwafin fotokwafi ne, zanen da Malam ya yi da kala uku ya koma baƙi ƙirin, kibiyoyin ba ka gane wacce ta shiga wacce ta fita, alhali duk darasin a kan kibiyoyin yake. Guruf ɗin WhatsApp da aka buɗe don tambayoyi kuwa tallan data da na turare ya fi yawa a ciki.

Amma babban abin da ya ƙona min rai shi ne sati na uku da na huɗu. Ba wanda ya gaya mana cewa Malam rabin kwas ɗin kawai yake ɗauka. Muna zaune sai ga wani matashi da laftof, ya juyo mana da ita, mu arba'in muna leƙen allo ɗan mitsitsi, ya yi ta karanto silaid da Turanci kamar mai karanta sanarwar ɗaurin aure. Maudu'in kuma mai daɗi ne, ƙwayoyin T, wasu fararen ƙwayoyin jini, masu tuna cuta da ke zama a fata da hanji da huhu ba sa komawa jini. Ya karanto CD69, CD103, IL-15, TGF-beta, ya wuce, wato an dawo da ni gidan jiya, haddar aku. Na ɗaga hannu na ce Malam me ke hana su fita? Ya ce yana cikin silaid. Ban ga laifinsa sosai ba, da gani shi ma turo shi aka yi, laifin na masu wurin ne da suka tallata sunan mutum ɗaya suka karɓi kuɗin sati huɗu.

Sai ranar ƙarshe da babban Malam ya leƙo ɗaukar wani littafinsa muka tare shi mu biyar, a tsaye ya yi mana bayanin cikin minti goma. Akwai wani sinadari S1P da ya fi yawa a jini, shi ke jan ƙwayoyin T su fito daga gaɓa kamar ƙamshin suya, CD69 ke danne hancin da ke shaƙo ƙamshin, TGF-beta ya sa su fito da CD103 su riƙe ƙwayoyin fata gam, IL-15 kuma shi ne kwanon abincin. Sai ya tambaya ko mun taɓa ganin wanda in ya sha wani magani, musamman masu salfa, baƙin tabo ke fito masa a leɓe ko a hannu, ya warke, bayan shekara ya sake sha ya fito a daidai wurin ba ko kuskure? Na ce Malam kawuna kenan, a gida har cewa ake yi sammu ne. Ya ce ba sammu ba ne, 'yan gari ne suke zaune a wurin tun karon farko suna jiran ya kuma.

In ka ce in ba da maki, Malam 9 cikin 10, ɗayan ma don ba ya farawa a kan lokaci ne na cire. Wurin da tsarinsa 3, shi ma don akwai masallaci a ƙasa kuma mai shayin bakin get ɗin ya iya haɗi. Wanda zai je, ya tambaya tun kafin ya tura kuɗi ranakun da babban Malam zai shiga da kansa, in sun yarda ya biya na sati biyun farko kawai, na ji an ce wasu 'yan ajin gaba da mu haka suka yi da dubu 8, ni ban san ana yi ba sai da aka gama. Ka zo da biro kala uku ka kwafi allo da hannunka, kar ka ba da 1,500 ɗin nan, ka zo da wuri ka kama bencin gaba ta ɓangaren da ba janareta. Tes na biyu dai 23 na ci, tambaya ta huɗu a kan ɓeran nan mara haƙori ce, har na ƙare shafin na nemi ƙarin takarda.